Ranar da Hannu-Baya Ya Fito da Hannunsa

Kafin masu shara su gama goge baranda, kafin mai gadi ya naɗe bargonsa, shi ya riga ya iso. Ba ya bi ta babbar ƙofar asibitin, inda marasa lafiya ke jeruwa da katunansu. Ta ƙofar baya yake shigowa, ya wuce ɗakin wanki, ya gangara zuwa wani ɗan ɗaki marar taga da ke manne da sashen ɗaukar hoto. A bakin ƙofa zai tuɓe takalminsa, ya zura silifa na roba waɗanda ba su taɓa taka waje ba, ya ciro rigar sanyi daga jikin ƙusa, don ɗakin sanyi gare shi kamar cikin firji. Sai ya tsaya gaban dogon akwatin ƙarfen nan mai 'yan fitilu kore, ya haɗe hannuwansa a baya, ya ɗan karkatar da kai. Ba ya taɓa komai. Sauraro yake yi. A cikin ƙugin fankokin da mu muke ji duk iri ɗaya, shi yana jin wadda ta fara gajiya.

Daga wannan tsayuwa sunansa ya fito. Hannu-Baya muke ce masa, har sababbin ma'aikata kan daɗe ba su san yana da wani suna ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma yawancin waɗanda suka kwanta a asibitin nan suka tashi ba su taɓa jin labarinsa ba.

Aikinsa kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk hoton cikin jiki da aka ɗauka a gidan nan. Amma duk abin da ke da waya a jikinsa, shi ake kira. Matar ɗakin gwajin jini har yau tana ba da labarinsa tana dariya.

“Kwamfutata ta mutu,” in ji ta, “ga jinin mutane yana jira. Mutumin nan ya zo ya tsaya a kaina kamar mai ta'aziyya. Na ce, ‘Malam, kallo ka zo yi ko gyara?’ Ya ce, ‘Hajiya, me kika taɓa na ƙarshe?’ Na ce wallahi ban taɓa komai ba. Ya ce, ‘Na yarda da hannunki. Ƙafarki fa?’”

Ashe ƙafarta ce ta ture soket a ƙarƙashin tebur.

Mai gadi kuma yana da nasa. Wata rana da aka yini ana ruwa, rufin ɗan ɗakin nan ya fara ɗiga daidai kan akwatin. Ya leƙa ya tarar da Hannu-Baya a kan kujera, ya buɗe laima a cikin ɗaki, ruwa na bin gwiwar hannunsa yana shiga riga, bai sauko ba sai da masu gyaran rufi suka iso. “Na ce masa, ‘Baba, ƙarfe kake yi wa laima?’ Ya ce, ‘Akwai mutane a ciki.’”

Shekarun baya, da hotuna suka yi yawa, saba ta fara nawa. Likita zai danna hoto, ya je ya wanke hannu ya dawo bai buɗe ba. Hannu-Baya ya sa aka kawo wani kati da aka jera wa faya-fayan ajiya guda huɗu, irin na zamani. Sunan faifai kawai ya bi su: ba su da kewaye, ba sa juyawa, 'yan sirara ne kamar yatsa. Ana soka katin a wani dogon gurbi da ke jikin babban allon cikin saba. Sai dai akwai abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Gurbin nan hanya ce mai layi goma sha shida, kuma yadda ya fito daga kamfani, baƙo ɗaya kawai ya san karɓa. In ka soka masa kati mai faifai huɗu, da na farko zai gaisa, sauran ukun ya yi kamar bai gan su ba. Sai an shiga wani shuɗin shafi da ke buɗewa kafin kwamfuta ta gama tashi, wanda masu aikin ke kira bayos, an ce wa gurbin ya rabu huɗu, kowane faifai ya samu layi huɗu. In kuma wuta ta yanke gaba ɗaya, wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga ne ke riƙe da wannan umarni har ta dawo.

Da Manajan asibitin ya tambaye shi me ya yi wa na'urar take gudu haka, ya ce, “Titi ne mai faɗi, yallaɓai, mota ɗaya ke bi. Na ja masa fenti, yanzu huɗu ke bi.”

“Muddin ba za a yi karo ba,” in ji Manaja, ya wuce.

Kai ne ka ja fentin nan, Baba, a kan titin da babu wanda ya taɓa gani. Hoton kowane jariri da aka leƙa tun yana ciki, da kowane ƙashi da ya karye, ta kansa ya bi, kuma babu wanda ya taɓa ce maka sannu.

Akwai abin da ba mu sani ba, wanda yanzu ya yarda a faɗa. Hannunsa na dama ya daɗe da fara rawa. Matarsa ce ta fara lura. Sai ta koma zuba masa shayi rabin kofi, ta riƙa ɓalla masa maɓallan riga da safe kamar wasa take yi. Autarsu ce, da yake bakinta ba ya shiru, ta fasa maganar wata safiya.

“Baba, ajiye cokalin nan. Hannunka ya riga ya kaɗa shayin.”

Uwar ta watsa mata harara, amma da yarinyar ta tafi makaranta sai ta zauna kusa da shi.

“Baban Auta, a cikin likitoci kake yini. Ka tare ɗaya mana.”

“Sai na miƙa aiki.”

“In ka miƙa aiki hannun zai jira ka?”

Tsoro yake ji, kuma tsoron iri biyu ne. Yana tsoron abin da likita zai faɗa. Yana kuma tsoron ranar da za a ce mutumin da abincinsa ke cikin 'yan ƙananan kusoshi ba ya iya riƙe sukundireba, a sallame shi da godiya kafin ya gama nuna wa magajinsa ɗakin nan. Tsayuwar da ya fara don ya hana kansa gaggawa, sai ta zama maɓoya. Mu kuwa muna ganinsa hannu a baya kamar kullum, ba mu zargi komai ba.

Wadda za ta gaje shi ta zo a farkon shekara. Injiniya muke ce mata, mace mai saurin hannu da saurin baki, ta san aikinta. Sun shaƙu nan da nan. Takan ce masa, “Baba, kafin ka gama kallo ni na gama gyara.” Shi kuma ya ce, “Kafin ki gama gyara ni na gama gano abin da kika ɓata.” Ya nuna mata kowace waya da kowane makulli. Wayar kiran gaggawa ma ya riga ya miƙa mata.

Shi ya sa a safiyar da abin ya faru, ita aka fara kira.

Ya iso a lokacinsa, ya tarar da ƙofar ɗan ɗakin a buɗe, mutum uku a ciki, duk da takalmansu. Injiniya na zaune gaban allon kwamfuta. Manaja na tsaye a kanta yana share gumi a cikin wannan sanyi. Ta uku likitar tiyata ce, Dakta, da hularta ta aiki a kai, wadda bai taɓa gani a ɗakin nan ba.

Da asuba wuta ta yanke, janareta ya ƙi tashi, batiran ajiya suka riƙe saba har suka ƙare. Da wuta ta dawo saba ta tashi da kanta, amma babu hoto ko ɗaya da ke buɗewa. A kan allo an rubuta cewa faifai ɗaya kawai ake gani, uku sun ɓace.

Dakta ba ta tsaya gaisuwa ba.

“Malam, ina da wani direba a sama. Ƙari ne a cikinsa, kusa da babbar jijiya. A farkon mako muka ɗauki hotonsa, muka sa masa ranar aiki mako mai zuwa. Jiya da yamma aka dawo da shi, abin ya fara zubar da jini. Dole in buɗe shi yanzu da safen nan, kuma sai da hoton zan san ta ina jijiyar ta bi.”

“Ba za a sake ɗauka ba?” in ji Manaja.

“Na gaya maka. Hoton sai da allurar da ke haska jijiyoyi, ƙodarsa kuma da ƙyar ta ɗauki ta farko. In na sake masa, wataƙila in ceci cikinsa in kashe ƙodarsa. In ban sake ba, in buɗe shi a makance. Zaɓar min ɗaya.”

Hannu-Baya ya riga ya bi sauran hanyoyin a ransa, duk a toshe. Na'urar ɗaukar hoton takan riƙe kwafi na ɗan lokaci, amma shekaranjiya masu kamfani suka zo suka wanke cikinta suka ɗora mata sabuwar manhaja. Kwafin ajiya kuwa sai ƙarshen mako ake yi, bai kai ga hoton direban ba. Wuri ɗaya hoton yake a duniya, cikin katin nan.

“An rataya masa ledar jini ta biyu,” in ji Dakta. “In ta ƙare zan shiga, da hoto ko babu.”

Manaja ya nuna allo da yatsa. “Ga shi nan fa ita kanta na'urar ta ce a sake shirya ma'ajiyar da abin da ya rage. Ku danna mana!”

“Kowa ya mai da hannunsa baya,” in ji Hannu-Baya.

Bai ɗaga murya ba, amma har Manaja sai da ya janye yatsa.

“Ba zan danna ba, Baba,” in ji Injiniya. “Na san in na danna ya share komai. Ina jin katin ne ya ƙone da wuta ta dawo. Zan iya ciro faya-fayan in gwada su ɗaya-ɗaya a wata kwamfuta, amma yini guda ne.”

Ya matso ya tsaya a bayanta. Ya sunkuya ya shinshina bayan akwatin, babu ƙaurin ƙuna. Ya saurari fankoki, lafiyarsu ƙalau. Ya dawo ya zuba wa allo ido har Manaja ya fara buga ƙafa. A baya, inda babu mai gani, hannun hagu na danne da na dama, na daman yana fizga kamar kifin da aka ciro daga ruwa.

“Injiniya, yau wace rana?”

“Baba, don Allah...”

“Dubi agogon da ke kusurwa.”

Ta duba. Agogon saba ya koma wata shekara tun kafin a gina wannan ɓangare na asibitin.

“Ɗan batir!” in ji ta. “Ya mutu. Ta manta duk abin da aka saita mata.” Sai ta juyo da sauri. “Amma me ya haɗa shi da faya-fayan?”

Nan kunya ta kama shi. Ya nuna mata kowace waya a ɗakin nan, amma bai gaya mata maganar raba gurbi ba. Abu ne da ya yi sau ɗaya shekaru da yawa da suka wuce, ya zauna lafiya har ya fita daga ransa.

“Gurbin katin a rabe yake gida huɗu,” ya ce. “Ni na raba shi, ban gaya miki ba. Yanzu ya koma ɗaya. Faya-fayan suna nan, ba a kallonsu ne kawai. In Allah ya yarda.”

“In Allah ya yarda ko tabbas?” in ji Dakta.

“In Allah ya yarda, Dakta. Tashi, Injiniya.”

Ya zauna da kansa. Ya gaya wa ransa cewa ya fi sauri ya yi da ya tsaya bayani, kuma da gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ya kashe saba ya kunna. Wanda bai taɓa ganin irin wannan na'ura tana tashi ba, ba zai gane azabar jiranta ba. Fankoki suka ɗauki ruri kamar jirgi zai tashi. Allo ya yi baƙi ƙirin, ya zauna a haka, na'urar na bincika kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, ba ruwanta da wanda ke kwance a sama. Da ƙyar shuɗin shafin ya buɗe.

A cikinsa ma akwai tarko. Sunayen da shafin ke ba gurabe ba su ne lambobin da aka buga a jikin babban allon cikin saba ba, kuma shi ya manta wanne ne wanne. Ya bi su a hankali har ya ga wani da faɗinsa layi goma sha shida ne amma huɗu kawai ke aiki a cikinsa.

“Ga shi,” ya ce. “Faifan farko ne shi kaɗai a kan titi.”

Ya buɗe jerin zaɓi. Layukan a manne suke da juna, duk lambobi ne masu kama da juna: a raba huɗu, a raba uku, a raba biyu, a bar shi ɗaya. Ya ji idanu shida a kan hannunsa. Yatsan ya sauka kan maɓalli yana karkarwa. Ya danna, ya adana, ya fita, ya cusa hannun a ƙarƙashin cinyarsa, duk a cikin numfashi ɗaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa a duba kafin a taɓa, ranar nan bai duba ba.

Fankoki suka sake ruri. Allo ya sake baƙi. Wata nas ta leƙo tana haki.

“Dakta, ledar ta wuce rabi. Matarsa kuma ta tare ni a hanya, ta ce wai me ake jira.”

“Me kika ce mata?”

“Na ce ana shirya ɗaki.”

Saba ta gama tashi. Injiniya ta miƙa hannu ta buɗe shafin ajiya, kowa ya sunkuyo.

Biyu.

“Innalillahi,” in ji Manaja. “Biyu sun ƙone ke nan.”

Dakta ta ja dogon numfashi, ta fara gyara hularta, alamar mai shirin tafiya.

Hannu-Baya bai motsa ba. Ya dubi waɗanda suka bayyana: na farko da na uku. Babu wutar da ke ƙona faifai tana tsallake ɗaya. Titin ne aka raba biyu maimakon huɗu. Yatsansa ne ya ƙara dannawa ba da izininsa ba, ya zame zuwa wani layi. Shi kaɗai ya sani a ɗakin nan. Yana iya cewa bari a sake gwadawa, ya sake zama, ya yi fatan hannun ya yi masa biyayya. Amma ya ga yadda nas ɗin ta yi haki, ya kuma san tsawon tashin na'urar nan. Saura gwaji ɗaya. In yatsan ya sake zamewa, direban da bai taɓa gani ba ne zai biya.

Ya miƙe. Ya fito da hannuwansa biyu gaba, ya buɗe su a ƙarƙashin fitila. Na daman yana ta kaɗawa, kowa na gani.

“Ba abin da ya ƙone,” ya ce. “Wannan ne ya danna ba daidai ba. Ya daɗe yana min haka.”

Dakta ta dubi hannun da idon aikinta.

“Tun yaushe, Malam?”

“Majinyacinki na sama ya riga ni layi, Dakta. Injiniya, zauna.”

Ta zauna. Idonta ya ciko, ta share da bayan hannu, ta kashe saba ta kunna. Shi kuma ya koma bayanta, ya mai da hannuwansa inda suka saba zama, yanzu ba don ɓoyo ba. Aka sake jiran baƙin allo. Manaja ya jingina da bango yana motsa baki. Da shuɗin shafin ya buɗe, yatsunta suka tashi za su yi gudunsu.

“A hankali,” ya ce. “Kada ki danna komai sai kin karanta min da ƙarfi.”

“Gurbin nan ne?”

“Shi ne. Me aka rubuta a kai?”

“Takwas, takwas.”

“Kin ga aikina. Hau sama.”

“Huɗu, huɗu, takwas.”

“Ba shi ba. Ƙara.”

“Huɗu, huɗu, huɗu, huɗu.”

“Sake karantawa.”

“Baba, huɗu ne sau huɗu, wallahi.”

“Danna. Yanzu ɗauke hannunki, ki duba abin da ya zauna.”

Ta ɗauke hannu, ta duba, ta karanta. Ya sa ta gyara agogo, sannan ta adana.

Wannan jiran ya fi sauran tsawo, ko haka muka ji, don zuwa lokacin mu ma na teburin karɓar marasa lafiya mun taru a bakin ƙofa, mun yi cirko-cirko. Nas ta sake saukowa. Ta nuna da yatsu biyu ɗan abin da ya rage a leda. Dakta ta taka zuwa ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Hannu-Baya na kallon baƙin allo, yana ganin fuskarsa a ciki. Daga baya ya ce a lokacin ba ya tunanin komai sai wani abu ɗaya: in har kuskurensa na ɗazu ya taɓa abin da ke cikin faya-fayan, da wane ido zai dubi matar direban da ke zaune a baranda.

Allo ya kawo haske. Injiniya ta buɗe shafin ajiya.

“Ɗaya,” ta ce. “Biyu. Uku.” Layin ƙarshe ya ɗan jinkirta, sai ga shi. “Huɗu! Baba, huɗu!”

“Kada ki taɓa. Bar su su gane juna.”

Jan rubutun da ke saman allo ya koma kore. Dakta ta riga ta dawo, ta faɗi lambar majinyacinta. Hoton ya buɗe fayau, baƙi da fari, jijiyoyi na haske kamar zare. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo, ta sa aka juya shi, aka sake juyawa.

“Ga ta nan,” ta ce a hankali. “Ta baya ta bi. Da na shiga ta inda na yi niyya...”

Ba ta ƙarasa ba. Ta ce a tura hoton ɗakin tiyata, ta fita da gudu, nas na bin ta.

Manaja ya zo zai kama hannunsa ya yi masa godiya, sai ya tsaya, bai san wanne zai kama ba. Hannu-Baya ya miƙa masa na daman.

“Kama, yallaɓai, ba ya cizo. Amma gobe in za ka shigo, ka cire takalmi.”

Bai bar ɗakin ba sai da labari ya sauko bayan azahar cewa an fito da direban, jijiyar ba ta taɓu ba, ƙodar ma an bar ta ta huta. Sannan ya sa aka yi kwafin ajiya nan take, aka kashe saba, aka buɗe murfi. Injiniya ta ɓanɓaro mataccen batirin da farce ta sa sabo. Cire batir kuwa yana sake goge komai, don haka sai da ta sake shiga shuɗin shafin ta raba gurbin da kanta. Yana tsaye a bayanta. Ita ce da kanta ta karanta da ƙarfi, ta ɗauke hannu, ta duba, sannan ta adana.

Da yamma ya bi ta babbar baranda, abin da ba ya yi. Matar direban na zaune a kan benci da ƙullin kaya a cinya, idanunta sun kumbura amma tana murmushi da kowa. Ya zauna a ɗaya gefen don ya ɗaura igiyar takalmi, igiyar na kufce masa. Ta dube shi, ta dubi hannun.

“Sannu, Baba. Kai ma likita ka zo gani?”

Shi ma ya dubi hannun.

“Eh,” ya ce. “Gobe da safe.”

“Allah ya ba da lafiya. Likitocin nan sun iya aiki, yau suka ceto min maigida. Kawo in ɗaura maka.”

Ta durƙusa ta ɗaura masa igiyar, ya yi godiya, ya tafi. Har aka sallami mijinta ba ta san ko wane ne ba, shi kuma ya hana a gaya mata. Washegari matarsa ta rako shi, muka buɗe masa kati a teburinmu, ya zauna a layi kamar kowa.

Baba Hannu-Baya, mai sauraron fankoki, mun gode. Kai ne ka koya mana cewa a tsaya a duba kafin a taɓa. Kai ne kuma, ranar da ɓoyon ya zama haɗari ga wani, ka fito da abin da ka fi jin kunyarsa ka ajiye a gaban mutane, ka ba wata kujerarka tun ba a ce ka tashi ba. Gyaran gurbi Injiniya ta iya shi yanzu, kuma za ta koya wa wani. Wancan ɗayan ne ba a koyarwa a makaranta. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya sa ka sha shayinka cike da kofi.

Mu kuma da muka rage, kowa yana da ɗan ɗakinsa marar taga. Wanda ya san wani abu da shi kaɗai ya sani, ya faɗa wa na bayansa tun yau, kada ya jira ranar da wuta za ta yanke. Wanda hannunsa ya fara gazawa, ya faɗa, ya bar wani ya danna. In kuma kun bi ta sashen ɗaukar hoto da sassafe kuka leƙa, za ku ga silifa na roba sababbi a bakin ƙofa, ƙanana, na mace. Mai su tana ciki, a gaban akwatin ƙarfe, ta karkatar da kai, hannuwanta a baya.